Bodil a Sashen Girke-Girke

Matata Bodil ta yi shekaru tana bin gidajen garin nan da rikoda a jaka, tana zama da matan da teku ya cinye wa mazaje. A sha kofi, a yi shiru, can sai magana ta fito. Abin da ta tara ya zama littafi. Kamfanin da ya karɓa a Kopenhagen ya ce takarda ta yi tsada ga labarin ƙauyen masunta, sai dai a fitar da shi a na'ura, a riƙa karantawa a waya ko kwamfuta. Ta yarda, don a lokacin likita ya riga ya gaya mata abin da ya gaya mata. Littafin ya fito da bazara, ita kuwa ba ta kai hunturu ba.

Bayan an binne ta na je laburaren gari na nemi sunanta a kundi. Na same shi. Bodil Krogsgaard, sashen girke-girke, tsakanin wani littafin miyar dankali da wani na rage tumbi ba wahala.

Solvej ce mai kula da kundin. Ni na koya mata tarihi a sakandare, kuma ban san ta da wani aibu ba sai yawan haƙuri.

"Malam Thorkild, ba ni na sa shi can ba," in ji ta, tun kafin in cire hula.

"To wa? Aljanun bakin ruwa?"

"Kamfanin. Littafin na'ura da bayaninsa yake zuwa, suna da sashe da hoton bango. Mu karɓa kawai muke yi."

"A zamaninmu sai an buɗe littafi kafin a ce ga inda zai zauna."

"A zamaninku a kwali yake zuwa, Malam. Yanzu dubbai ke shigowa a tashi ɗaya, ba mai ganin ko fuskarsu."

Na san inda aka haihu a ragaya. A babin ƙarshe Bodil ta rubuta yadda ake dafa miyar kifin da muke sha ranar makoki idan ba a sami gawa ba. Wani mai gaggawa ya buɗe littafin ta baya, ya ga albasa, ya yanke hukunci.

Solvej ta gyara nan take, ta mayar da shi tarihin gari. Na koma gida har na ci burodi da man shanu kamar mutum. Da mako ya zagayo na duba, sai ga Bodil ta koma gefen dankali.

"Kowace Litinin suna aiko da bayanan duk littattafansu sabo," in ji Solvej. "Ya hau kan namu ya shafe. Abin da na gyara bai san da shi ba."

Haka muka shiga. Ta gyara ran Talata, Litinin ta rushe. Bodil ta kwana shida a tarihi, ran na bakwai a tura ta kicin, matar da ko ƙwai ba ta iya soyawa ba sai ta ƙona kasko. Ni ne mai girkin gidanmu, kowa ya sani.

Na buga wa kamfanin waya. Wata muryar namiji mai santsi ta ce za a tura wa waɗanda abin ya shafa.

"Ni ne wanda abin ya shafa," na ce. "Ka karanta littafin?"

"Ranka ya daɗe, gaskiya littattafan girki sun fi fita. Ka ɗauke shi a matsayin alheri."

Na ce masa mutanen da ke ƙarƙashin ruwan nan sun fi waɗanda ke ofishinsu yawa, kuma babu wanda ya mutu don a yi masa talla. Ya yi mini fatan alheri ya ajiye.

Ana cikin haka tsohuwa Asta, wadda mijinta da ɗanta ke cikin littafin, ta tare ni a bakin shagon burodi. Jikarta ta duba mata sashen tarihi ba ta ga kowa ba. Ran Litinin ta duba, ashe.

"Thorkild, an ce matarka ta sa su a littafi. Ko ƙarya ake yi wa tsohuwa?"

Na juya. Laburare na wuce.

Solvej ta ja ni bayan kantar littattafai ta rage murya. Shugabanta ya hana ta ɓata lokaci kan gyaran Talata. Sannan akwai wadda ta fi wannan: laburare bai mallaki littafin ba, hayarsa yake yi. Haya za ta ƙare da ƙarshen shekara, kuma ba za a sabunta ba, don masu neman miya suna buɗewa su ga matattu su rufe. Ranar da ta ƙare sunan Bodil zai ɓace daga kundi kamar ba a yi ta ba.

"Akwai abin da Litinin ba ta iya taɓawa?" na tambaya.

"Abin da na shigar da hannuna. Amma ba ni da izinin shigar da komai sai mai jiki, wanda za a ɗora a kan kanta."

"Mai jiki."

"Malam, wannan kallon na san shi. Shi kake yi kafin ka ce a fito da takardar jarrabawa."

Kamfanin, haƙƙin fitarwa a na'ura kaɗai ya saya. Haƙƙin bugawa a takardar da suka raina ya rage wa Bodil, ita kuma ta bar mini tare da kyanwarta da tsofaffin takalmanta. Na buɗe kwamfutarta na buga littafin kaf a injin gida, har tawada ta fara fari a ƙarshe. Na ɗinke shi da zaren gyaran komar kamun kifi, na yi masa bango da yankin tsohon tamfol na jirgin ruwa. Na taɓa riƙe littattafai masu kyau a rayuwata. Wannan ba ya cikinsu.

Ran Litinin na kai shi, da gangan. Na dire shi a teburinta.

"Ga jiki."

"Shugaba zai yi magana."

"Ya yi. Baki nasa ne. Kantar tarihin gari tana karɓar abin da ɗan gari ya rubuta kan gari, ko an soke wannan ma daga Kopenhagen?"

Ta jawo shi gabanta. Ta buɗe shi daga farko, ta karanta shafi ɗaya, ta juya na biyu, ta manta ina tsaye. Sai da na yi gyaran murya sannan ta jawo allon rubutu ta shigar da shi harafi-harafi: Krogsgaard, Bodil. Tarihin gari. Ta manna masa lamba a baya.

"Wancan na na'urar fa? In gyara shi sau ɗaya na ƙarshe?"

"Bar musu. Su ci girkinsu."

Da sabuwar shekara na na'urar ya ɓace, ba wanda ya yi masa makoki. Na tamfol yana wurin Asta. Lokacin dawo da shi ya wuce, an aika mata ta ce su zo su ƙwata in sun isa. Solvej ta ce akwai mutane a layi suna jira, ko zan je in yi mata magana.

Ba zan je ba. Na sayo tawada, ina ɗinka na biyu.