Birkin Jar Motar Aliero

"Taka! Ƙara! To, riƙe nan."

Hajiya Kaltume ta danne birki da ƙafar dama, ta riƙe. Can ƙarƙashin motar Ɗalha ya sassauta ɗan notin da ke bayan taya, ta ji fedar ta sulale ƙasa a hankali, man birki na tsiyaya ta siririn tiyo zuwa cikin kwalba.

"Na ɗaure. Saki."

Tun hantsi suke wannan aiki a rumfar ƙofar gidan Malam Gado, a Jega Firchin. Motar ja ce mai ƙofa biyu, ƙasa-ƙasa, irin ta tsere, ta haura shekara ashirin da biyar. Ta Alhaji Ridwan ce, mai fataucin albasa a Aliero, wanda ya saye ta tun gemunsa na baƙi ya kuma ƙi rabuwa da ita. Makonni uku ke nan da Malam Gado ya sauya mata bututun birki da suka ruɓe, ya gyara famfon ABS, na'urar da ke hana taya ƙamewa idan an taka birki da ƙarfi, saura cire iska kawai, sai ciwon zuciya ya kwantar da shi. Ga shi yanzu a kujerar roba, ƙafafunsa sun kumbura sun fi ƙarfin takalmi, yana ba ƙaninsa umarni da muryar da ba ta kai bakin titi.

Alhaji ya aiko cewa gobe Alhamis zai zo da a-kori-kura a ja motar zuwa wani gareji, don kada a wahalar da mara lafiya. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma tun da saƙon ya iso Malam Gado bai ci abin kirki ba. Shekara arba'in da ɗaya motoci na shigowa rumfarsa a jaye, ko ɗaya ba ta taɓa fita a jaye ba.

Ita Kaltume katanga ɗaya ta raba su. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, ta yi shekara ashirin tana tuƙa kanta zuwa asibiti a Maiyama kafin ta yi ritaya. Awon jininsa ta shigo yi, aka zaunar da ita a kujerar direba.

Ɗalha ya jawo jikinsa waje yana share gumi. "Yaya, tayoyi huɗu mun zagaye su sau biyu. Ba iska. Birkin ga kuwa kamar ana taka soso. Mu yanke famfon ga na ABS, mu haɗa kai tsaye, mu cire ƙwan fitilar gargaɗin da ka tona asiri, kowa shi huta. Haka kowa ka yi."

"Ni ba kowa na ba."

A Jega an daɗe da yanke hukunci cewa ABS ba ta hanyarmu ba ce. Wa ya gwada? Ba a sani ba. An dai ji daga wanda ya ji daga direban da ya tsorata.

"Iskar na cikin famfo," in ji Malam Gado, yana tsayawa ya ja numfashi. "Ta ɓuya. Ba ta fitowa sai an tashe ta. Sai an kai motar inda taya ka santsi, a taka birki da ƙarfi, famfon shi yi aiki."

Kaltume ta gane nan take. Sau dubu nawa ta ga ƙwayar iska ta maƙale a jikin sirinji, ta ƙi motsi sai an ɗalle ta da farce?

"Kuma da ni za a tai," ya ƙara. "Sai na ji da kunnena."

Daga bayan labulen zaure matarsa Iklima ta ce, "Malam, likita cewa ya yi ka kwanta! Hajiya, ke da kin san aikin, ki yi mai magana."

Kaltume ta dubi leɓɓansa da suka fara shuɗi. Ta san abin da kwanciya za ta ƙara masa: kwana biyu, ko uku, yana kallon rufin ɗaki, yana jiran ƙarar sarƙar jan mota a ƙofar gida.

"Ɗauko mai filo biyu, Iklima," ta ce.

Dama an yi ruwa da asubahin ranar. Suka kama hanyar Maiyama a hankali, Ɗalha na tuƙi, Malam Gado a gefensa, Kaltume a naɗe a 'yar kujerar baya, gwiwoyinta a haɓa, tana Allah wadai da wanda ya ƙera ta. Suka sauka kan wata hanyar burji da ta ratsa gonakin gero, ba kowa sai balbelu.

Ɗalha ya ba motar wuta, ya taka birki. Fedar ta yi kar-kar-kar a ƙarƙashinsa, ya ɗage ƙafa kamar ya taka kunama.

"Ka ji ko! Ta lalace!"

"Aikinta ke nan, sakarai. Sake."

Ya sake, ya sake ɗagewa. Shekara talatin ƙafarsa ta koyi cewa birkin da ke rawa birki ne mai kashe mutum, ba yau za ta manta ba.

"Fito min, Ɗalha," in ji Kaltume.

"Hajiya, shekarunki nawa?"

"Saba'in da ɗaya. Na riƙe mata masu naƙuda da sun fi motar ga shure-shure. Fito."

Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta cire takalmi, ta yi bisimilla. Giya ɗaya, biyu, uku. Gero na gudu ta gefe, injin na kuka irin wanda rabonta da jinsa tun tana aiki.

"Yanzu!" in ji Malam Gado. "Kak ki ɗaga!"

Ta taka da duk nauyinta. Fedar ta yi ta dukan tafin ƙafarta, wani gurnani ya taso daga gaba, ita kuwa ta kafe. Motar ta tsaya cak, hancinta a miƙe, ko ɗan karkata babu. Malam Gado ya rufe ido, yana murmushi kamar mai sauraron karatu mai daɗi.

"Sau biyu kuma," ya ce.

Da suka dawo rumfa aka cika tulun man birki, aka fara daga tayar baya. Taka, riƙe, saki. A karo na uku Ɗalha ya ce da wata irin murya, "Yaya... ga ta nan." Ƙwayoyin iska ne ke bin tiyon a jere, ƙanana kamar tsakin gero. Ya miƙo kwalbar waje don yayansa ya gani.

Da suka gama kafin la'asar, su biyu suka tallabi Malam Gado zuwa kujerar direba. Ɗalha ya durƙusa ya ɗora masa kumburarriyar ƙafar a kan feda da hannunsa. Malam Gado ya danna. Ya kunna mota, fitilar gargaɗin ta kama, ta mutu da kanta.

"Birki ya yi dutse," ya ce. "Ku wanke ta."

Ya sha kunu rabin kofi a ranar. Washegari da hantsi ya cika, kansa a cinyar Iklima, Kaltume na riƙe da wuyan hannunsa har ta daina jin komai.

Alhaji Ridwan ya iso da a-kori-kura da sarƙa, ya tarar da tabarmi a shimfiɗe. Ya bi sahu, ya bi gawa. Da aka dawo daga maƙabarta Ɗalha ya miƙa masa makulli.

"Ashe an gama? Wa ya ƙarasa?"

"Shi yaƙ ƙarasa abinai."

Kaltume na tsaye a ƙofar gidanta lokacin da suka tashi. A-kori-kurar ta wuce gaba, ba ta jan komai. Jar motar ta bi ta a hankali cikin yayyafi, har bakin titin Aliero. Can fitilunta na baya suka kama jajir, ta tsaya wa wata tsohuwa mai tallar nono ta tsallaka.