Ruwan Adon Baba

Mai Kemis mutum ne mai son mahaifinsa. Wannan kowa ya shaida, shi ma yakan faɗa da bakinsa ko ba a tambaye shi ba. Tun da ƙafa ta ƙi wa Baba, ya ɗauko shi ya dawo da shi gidansa, ya ba shi ɗakin ƙarshen tsakar gida, wanda tagarsa ke kallon tagar falo. Ya saya masa katifa mai taushi da fanka da rediyo. Abin da bai yi tunani a kai ba shi ne muryar tsohon. Ƙafa ta tafi, ido ya yi rauni, haƙora sun yi sallama, amma murya tana nan garau kamar ta mai kiran fasinja a tasha.

"Kai!"

Haka yake kiransa. Mutum da furfura a gemu, wanda rabin unguwa ke ce wa Dakta duk da bai taɓa yi wa ko kaza allura ba, amma a bakin Baba sunansa Kai. Da ya dawo daga shago ya cire takalmi ya miƙe ƙafa, sai kiran ya ratso tsakar gida ya same shi. Ya je, wai rediyo ta ɓatar da tasha. Ya dawo ya zauna. Kai! Wai yau wace rana ce? Kai! Wa ya buga ƙofa? Ba kowa, Baba. To zauna mana, ina kake sauri? In matarsa ta je a madadinsa, tsohon ya ce ba ita ya kira ba. Wani lokaci Mai Kemis yakan yi kunnen uwar shegu ya ƙara ƙarar talabijin, amma sai zuciya ta hana shi sakat. Abin da yake so bai da yawa: ya huta da kiran nan, kuma ya ci gaba da zama ɗa nagari, a idon mutane da a nasa idon.

A wani otal ya samu mafita, ranar taron masu sayar da magani. A tsakiyar zauren akwai maɓulɓular ruwa ta ado, ruwa na ta zuba daga faranti zuwa faranti. Wani abokin sana'arsa ya tsaya a ɗaya gefen yana ta yi masa magana, baki na motsi, hannu na tashi, amma ko kalma ɗaya ba ta iso ba. Mai Kemis ya tsaya yana kallon ruwan nan kamar ya ga tsohuwar budurwarsa.

Washegari yana shagon masu sayar da kayan adon gida. Mai shagon ya shiga zagayawa da shi, bakinsa kamar an sa masa batir.

"Ga wannan, ranka ya daɗe, tulu ne a karkace, ruwan na gangarowa a hankali, ko sauro ya wuce sai ka ji shi. Ga mai duwatsu, wannan na masu son natsuwa ne."

"Wanne ya fi ƙara?"

Mai shagon ya ɗan dube shi. "Ai yawanci marar ƙara ake nema."

"Ni ba yawanci ba ne."

Aka kai shi wurin wata ƙatuwa mai hawa uku, da kan zaki a sama yana aman ruwa. Muni kam Allah ya ba ta, zakin ma kamar mai ciwon haƙori. Aka kunna. Mai Kemis ya ce wa mai shagon ya je can bakin ƙofa ya kira shi.

"In ce me, ranka ya daɗe?"

"Ka ce Kai. Da ƙarfi."

Bawan Allah ya je ya dage ya kwarma, har jijiyar wuyansa ta fito. Mai Kemis ya ga baki ya buɗe ya rufe, shi ke nan. Ya ce a ɗaure masa ita.

Wajen ajiyewa aka sha muhawara. Mai gyaran famfo ya ce a kafa ta kusa da ƙofar gida, inda bututu yake kuma baƙi za su gani. Matar gidan ta ce in dai dole ne sai an kawo wannan dodon, a kai shi bayan kicin inda ba zai tsorata yara ba. Mai Kemis ya saurare su da haƙuri irin na manya, sannan ya taka zuwa tsakiyar fili, daidai tsakanin tagar Baba da tagar falo, ya buga ƙafa a ƙasa.

"Nan. Don Baba na sayo ta. Ƙarar ruwa tana saukar da hawan jini, bincike ya nuna."

"Binciken wa?" in ji matar.

"Ke dai bincike."

Ta yi masa kallon da mata ke yi wa miji idan sun karanta shi tsaf, ta koma kicin. Aka fasa siminti, aka ja bututu, aka ja waya, igiyar shanya ta rasa wurinta.

Sai yabo ya fara zuwa. Yayarsa ta zo ta gani, ta riƙe baki, har da ƙwalla. "Allah ya yi maka albarka, ƙanena. Wasu iyayensu ko ruwan sha ba sa samu, kai kuwa ka samar wa Baba har na kallo." Ta ɗauki hoto ta tura wa dangi. Mai Kemis ya sunkuyar da kai, ya ce ai ba komai, iyaye sun fi ƙarfin haka.

Kuma aiki ya yi kyau, wallahi. Ya dawo daga shago, ya ci abincinsa da zafi, ya kalli labarai daga farko har ƙarshe. Da safe yakan leƙa ya gaida Baba daga bakin ƙofa, ya tambayi jiki, ya wuce. Ba wanda zai ce ya ƙi amsa kira, tunda ba kiran da ya ji. Har ƙiba ya fara yi.

Ran nan da la'asar, yana kwance a doguwar kujera, aka ɗauke wuta. Zaki ya yi tari ya yi shiru. Gidan ya yi tsit, har ana jin ɗigar ruwa daga farantin sama. Mai Kemis ya runtse ido, ya ce a ransa, to, ga muryar Baba nan tafe. Ya jira. Ya gyara kwanciya ya sake jira. Ba Kai, ba dalilinsa. Tun yana jin daɗi har ya fara tsorata, ya tashi ko takalmi bai saka ba, ya ratsa tsakar gida da sauri.

Baba na zaune a bakin gado, lafiyarsa ƙalau, ya haɗa hannuwa a kan sanda yana kallon taga.

"Baba, lafiya? Na ji shiru."

"Lafiya lau. Kai ne da yamma haka? Wani ya mutu?"

"A'a, na ga an ɗauke wuta ne, na ce ko kana son wani abu. Ba ka kira ba."

"In an ɗauke wuta ba na kira," in ji tsohon. "Sai ta dawo."

Mai Kemis ya rasa inda zai sa idonsa. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, ya ji bakinsa na zuba ba da izninsa ba: ai dama yana tunanin abin nan ya cika ƙara, gobe-goben nan zai kira mai gyaran famfo a mayar da shi bakin ƙofa, ko ma a fitar da shi gaba ɗaya.

"Kul," Baba ya ce, ya ɗaga yatsa. "Kada ka taɓa min shi. Ba ka taɓa saya min abin da ya yi min amfani kamarsa ba."

"Hawan jinin ya sauka ke nan?"

"Wane hawan jini? Da can in na kira ba ka zo ba, na san ka ji. Yanzu kuwa in na kira ba ka zo ba, sai in ce ruwa ne." Ya gyara riƙon sandarsa. "Je ka huta, Dakta. Ka gaji."