Yatsu Biyu Kowace Safiya

Saura kwana goma sha ɗaya a yi Rigata, bikin tseren jiragen ruwa da ake yi a Yelwa, gidan su Yasira ya koma kamar kasuwa. Albasa ta nuna a fadama tana jiran cira. Inna tana kan keken ɗinki da rigunan matuƙa goma sha biyu, duk shuɗɗa. A bayan gida kuwa, kan tudu, ga jirgin tseren da Baba ya shafe wata uku yana haɗa wa unguwarsu, dogo siriri, ko fenti ba a shafa masa ba tukuna.

Duk da haka makaranta ba ta tashi ba. Makarantar ita ce zauren gidan: baƙin allo ɗaya, benci ɗaya, ɗalibai biyu, Yasira da ƙanwarta Larai. Tun shekarar da aka sace ɗalibai a Birnin Yauri, Inna Aishatu, wadda ta daɗe tana koyarwa a firamare, ta ce 'ya'yanta a gabanta za su yi karatu. Yayan Inna, Kawu Tamada, shugaban matuƙan unguwa, jami'ar zaure yake kiran wurin, kuma ba ya wucewa bai leƙo ya tambayi yaushe za a yaye likitoci ba.

Yasira ba mai magana ba ce, in baƙo ya dube ta sai muryarta ta maƙale. Zane ne abin sonta. Baba ya yi mata alkawari ita za ta yi wa jirgin ado, har ta zana kifin giwan ruwa sau goma sha bakwai a littafinta kafin ta sami wanda jelarsa ta yi mata. Gwangwanayen fenti biyu na nan ƙarƙashin gadon Inna, wani lokaci takan janyo su ta duba kawai ta mayar.

Akwai kuma aikin da Inna ta ɗora mata tun farkon rani. Wani siririn mashigin ruwa ya taso daga tafki ya biyo bayan gidansu, ta nan ake fitar da jirgi. Inna ta sa ta kafa gora a inda ya fi rashin zurfi, kusa da kututturen giginya, ta yi mata tsaga-tsaga faɗin yatsa, kowace safiya ta rubuta inda ruwa ya tsaya.

Ran nan ta dawo daga gorar ta tsaya gaban allo da alli. Ruwa yatsu ashirin. Mako guda ke nan yana sauka yatsu biyu kullum. Jirgin kuwa, ta auna daga gindinsa zuwa layin da Baba ya ja da gawayi, sai da yatsu goma sha biyu zai yi iyo. Ta yi lissafin sau uku. Inna ta bar keke ta zo ta duba, sannan ta ce lissafi daidai ne: kwana huɗu suka rage, bayan nan jirgi ya zauna kan tudu sai damina.

Yasira ta roƙe ta ta gaya wa Baba. Inna ta koma kan ɗinkinta.

"Ke kika gano, ke za ki faɗa."

Da rana ta kai wa Baba da Kawu Tamada abinci fadama, littafin a hammata. Ta durƙusa ta faɗa, kanta a ƙasa, rabin maganar a ciki. Kawu Tamada ya ajiye lomarsa ya kwashe da dariya.

"Mi kika ce, shugabar jami'a? Tun kakanninmu na tsibiri muke bisa ruwan ga, yau sanda za ta koya muna shi?"

Baba bai yi dariya ba, amma bai karɓi littafin ba, ya nuna mata hannuwansa duk ƙasa. Ya ce bara war haka mashigin na kai masa cinya, shi da ƙafarsa ya shiga. Za a gama albasa, ta yi fentinta ya bushe, a sauke jirgi jajibirin biki kamar kullum. Ta so ta ce masa bara daban bana daban, ta so ta ce rabonsa da mashigin tun da albasa ta nuna. Ta kwashe kwanuka ta tafi, sai da ta wuce gonar maƙwabcinsu Andrew sannan ta bar hawayen suka zubo.

A hanya ta yi ta juya abin. Baba ba ya auna katako da takarda, da kara yake aunawa, ya karya shi daidai tsawon da yake so. To, ita ma haka za ta yi. Ta shiga mashigin da yamma, ta tsoma karan dawa har ƙasa, ta yanke shi daidai bakin ruwa. Washegari ta yanko na biyu, jibi na uku. Ta yanki wani guntu daidai layin gawayin jirgi, ta ɗaure masa jan zare. Kwana biyun nan ko abinci ba ta iya ci sosai, don ta san kowane kara da ta yanka kwana ɗaya ne ya tafi.

A safiya ta uku ta tare Baba a ƙofar gida, fartanya a kafaɗarsa. Ta jera karan uku a jikin bango, kowanne ya fi na bayansa gajarta, ta jingina mai jan zare a gefe. Baba ya tsuguna. Ya sa yatsu biyu a kan na farko da na biyu, ya sa a na biyu da na uku. Ya ɗauki mai zaren ya gwada da na ƙarshe. Sannan ya miƙe ya zagaya bayan gida, ta bi shi, ya shiga mashigin da wandonsa. Ruwan ko gwiwa bai kai masa ba.

"Ɗiyata, kin san in an sauke shi gobe babu fenti? Jiƙaƙƙen katako ba shi riƙe fenti."

"Na sani, Baba."

"Kifin naki fa?"

"Yana cikin littafi, ba ya guduwa."

Kashegari, karo na farko ba don Juma'a ko Sallah ba, Inna ta juya allo ya fuskanci bango, alamar babu makaranta. Aka bar albasa a kwance a fadama, an rufe ta da ganyenta. Andrew ya bar tasa ya zo da gumaguman itace, matan unguwa suka ɗaura zane a ƙugu. Aka gangaro da jirgin bisa itatuwan har ya faɗa ruwa. Ya tafi sumul, ya tafi, da ya iso kututturen giginya sai gindinsa ya kama laka ya tsaya cak. Yasira ta faɗa ruwan ta kafa kafaɗa a jikin katakon da ta yi niyyar zana jelar kifi a kai. Kawu Tamada ya ɗaga waƙar tuƙi, aka tura a tare, aka sake turawa, a karo na huɗu laka ta sake shi.

Ranar Rigata mashigin ya zama taɓo, balbelu na kiwo a ciki. A Yelwa jiragen wasu unguwanni suka fito ja da kore da ruwan ɗorawa, nasu kaɗai ne farin katako, har matasa a bakin gaɓa suna ihu wai ga jirgin da ya manta rigarsa a gida. Yasira ta ji zafin maganar, ta matse hannun Larai. Amma jirgin yana cikin ruwa, shuɗɗan rigunan Inna na sunkuyawa suna tashi a cikinsa. Na uku ya zo.

Bayan kwana biyu aka juyo da allo. Suna tsakiyar darasi Kawu Tamada ya leƙo zaure, riƙe da sabuwar gora mai tsawo, ya jingina ta a bakin ƙofa. Ya ce waccan ai ta tsaya a tudu, wannan a kai ta bakin tafki, shi zai kafa da kansa. Ya yi kamar zai tafi, ya dawo.

"Shugabar jami'a, albasata ta ƙasan fadama da ban ruwa take rayuwa. In ruwan ga ya ci gaba da ja, kwana nawa gare ni?"

Yasira ta dubi Inna, Inna ta miƙa mata alli.

"Sai na auna tukuna, Kawu," in ji ta, muryarta a fili.