Shafin 'Yan Cika-Tiya

Hannatu ta danna maɓallin karo na uku, allon kwamfutar ya sake fitowa fari fat, ko ɗigo babu. Ta dafe ƙirji.

"Malam, rubutuna ya ɓace! Wallahi jiya yana nan."

Malam Muhtari, wanda ke koya musu HTML, wato alamomin gina shafin intanet, a wannan zangon, ko tasowa bai yi daga kujerarsa ba. "Bai ɓace ba. Koma ciki ki bi shi layi-layi. Duk alamar da kika buɗe, ki tabbata kin rufe ta."

Ɗakin kwamfutocin kwalejin ya cika maƙil, ɗalibai uku-uku a kan kowace na'ura, ga janareta na ruri a bayan taga. Yau ce ranar miƙa aiki. An ce kowa ya gina shafi ɗaya a kan wani abu na yankinsu, Malam kuma ya yi alkawarin wanda ya fi kyau zai tafi da shi Gusau a ɗora a intanet, inda ko mutumin Makka zai iya buɗewa ya karanta. Wasu sun yi a kan tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura, wasu a kan kasuwar Shinkafi. Ita Hannatu 'Yan Cika-Tiya ta zaɓa.

Ta sa yatsa a jikin allon tana bi a hankali. A layi na huɗu ta kama ɓarawon: ta buɗe alamar take, ta manta ɗan karan da ke rufe ta. Ta saka shi, ta adana, ta koma ta sake dannawa.

Shafin ya buɗe gaba ɗaya. Bango kore mai haske, kanun labari da manyan baƙaƙe a tsakiya, ƙarƙashinsa hoton tiya cike da gero har ya yi tsororuwa, sai layuka uku shuɗɗa masu jan layi a ƙasa.

"Ya fito!" Ba ta san sa'ad da ta miƙe tsaye ba. "Malam, ya fito! Har hoton!"

Ɗalibai suka yo kanta suna leƙe. Wani ya ce kore ya yi yawa, wata ta ce ina ta samo yadda ake sa hoto a tsakiya. Hannatu na amsawa tana dariya.

Shekara biyu ke nan da ƙaddamar da shari'a a jihar, ko'ina ka juya maganar addini ake yi, a mota, a kasuwa, a bakin famfo. A cikin wannan yanayi ne wani dattijo mai awon hatsi a kasuwar Moriki, Malam Jafaru, ya fara tara abokan sana'arsa bayan sallar asuba yana ce musu ciniki ma ibada ne. Duk wanda ya bi shi sai ya yi rantsuwa ba zai tauye awo ba, ba kuma zai ajiye hatsi ya wuce kwana arba'in yana jiran ya yi tsada ba. Suka riƙa ɗaura koren ƙyalle a wuyan hannu. Kafin damina biyu sun kai Ƙaura da Zurmi, mutane suka laƙaba musu 'Yan Cika-Tiya. Daga nan surutu ya tashi. Aka ce sun ƙara salla ta shida. Aka ce malaminsu na da'awar ana yi masa magana a mafarki. Yau bayan azahar kwamitin malamai na ƙaramar hukuma ya kira su su zo su yi bayani.

Ƙanen mahaifinta, Baba Nuhu, yana cikinsu. Shi ya riƙa kai ta Moriki sati uku a jere, ita a motar mata shi a ta maza, ta zauna a tsakar gidan Malam Jafaru da littafinta tana tambaya ana ba ta amsa. Da ya ji za a iya buga shafin a takarda, sai ya ce to ai ga shedar da za su riƙa wa kwamiti.

Ƙarfe sha ɗaya da 'yan mintoci suka iso. Baba Nuhu ne a gaba, dogo, ya sha sabuwar shadda. Malam Jafaru na biye, ɗan ƙaramin tsoho mai farin gemu, da rigar da wanki ya cinye mata launi. Suka cire takalma a bakin ƙofa. Malam Muhtari ya tarbe su, ya sa ɗalibai biyu suka ba da kujeru.

Hannatu ta durƙusa ta gaishe su.

"Lahiya lau, ɗiyata," in ji Malam Jafaru. "To ina abin?"

Ta nuna masa allon. Tsohon ya matso har gemunsa na neman taɓa gilashin. Boko bai yi ba, amma hoton ya gane.

"Kai! Nuhu, wagga ba tiyata ba ce? Ga lotsawar da ta yi ranar da buhu ya hwaɗo mata!"

"Ita ce, Malam."

"To ta ina ta shiga cikin akwatin ga?"

Ɗakin ya kwashe da dariya, shi ma yana yi. Hannatu ta yi masa bayanin yadda aka wanke hoton, aka kai shagon da ke da na'urar kwafe hoto, ta zo da shi a ɗan faifan kwamfuta. Sannan ta ɗora hannunsa a kan linzamin kwamfutar, ta ce ya tura har kibiyar ta hau layin shuɗi na farko, ya latsa. Kibiyar ta yi ta yawo, ta je kusurwa ta dawo. Da ƙyar ya saita ta. Yana latsawa shafin ya yi tsalle ya sauka kan sashen tarihinsa.

"Allahu Akbar!" Ya janye hannu kamar ya taɓa wuta, sannan ya mayar. "In ƙara?"

"Ƙara, Malam."

Sai da ya yi sau huɗu kafin ya yarda ta fara karantawa. Ta karanta asalin jama'ar, da shekarar da aka fara, da garuruwan da suke. Ta karanta abin da suka yi imani da shi, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ɗigonsa a gaba. Baba Nuhu na gyaɗa kai yana duban ɗaliban, kamar shi ya rubuta.

Sashe na uku ta sa masa suna Abin da Mutane Ke Cewa. Ta kawo zancen salla ta shida, ta rubuta cewa ta tambayi mutum goma sha ɗaya a Moriki, har da limamin unguwar da ba ya tare da su, kowa ya ce zaman wuridi ne kawai suke yi bayan asuba. Ta kawo zancen mafarki, da amsar Malam Jafaru cewa shi ko barcin kirki ba ya samu saboda ciwon baya.

"Madalla!" Baba Nuhu ya tafa hannu. "Wanga shi za mu fara nuna musu. Malam Muhtari, a buga muna."

"Saura sakin layi ɗaya, Baba."

Muryarta ta ragu. Ta san da shi tun ranar da ta rubuta, ta yi ta fatan za a wuce ba a lura ba, amma tunda ta fara karatu da baki babu yadda za ta tsallake. Ta karanta:

"Akwai kuma ƙorafin da ba ƙage ba ne. Wasu mabiyan sun daina cin abinci a gidajen 'yan'uwansu masu ajiye hatsi. Mai wannan rubutu ta san wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, da suka yi wata bakwai ba su sa hannu a kwano ɗaya ba."

Baba Nuhu ya daina gyaɗa kai.

"Goge shi," in ji Baba Nuhu.

"Baba..."

"Na ce ki goge! Takardar da za mu kai gaban malamai ce za ki sa muna wanga? Ke da wa kike? Sirrin gida ne za ki kai ma duniya?"

Hannatu ta dubi Malam Muhtari. Ya ɗan ɗaga kafaɗa. "Shafinki ne, Hannatu. Ni alamomin na koya miki."

Gogewar ba wuya. In ta ja linzami a kan layi uku, ta danna maɓalli ɗaya, shi ke nan. Har ta kai hannu. Sai ta tuna kwanon da mahaifiyarta ke rufewa da faifai kowace Juma'a a aika gidan Baba Nuhu, a dawo da shi yadda ya tafi, mahaifinta ya kalle shi ya kau da kai.

"Baba, ban ambaci suna ba," ta ce, idonta a ƙasa. "Amma ai gaskiya ne. Inna har yau tana zuba naka."

Malam Jafaru ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya. "Nuhu, kai ne?"

Baba Nuhu ya dubi ƙasa.

"Yayanka Alhaji Sabo da ya yi maka aure, shi ne ba ka cin tuwonai?"

"Malam, kai ka ce abincin mai ɓoye hatsi akwai shubuha a ciki."

Tsohon ya daɗe yana murza ƙyallen hannunsa. "Na hwaɗi," ya ce. "Ranar wata Talata ce, raina a ɓace, gero ya yi tsada mata na kuka bakin rumfata. Ban san maganar ta yi tahiya haka ba. Ku nawa ne kuka riƙe ta?"

"Muna da dama."

"To ka gani. Ni ina Moriki ban sani ba, sai akwatin ga ya gaya mani." Ya dubi Hannatu. "Bar shi, ɗiyata, kar ki taɓa ko wasali. Malaman nan ba yara ba ne. In mun kai musu takarda zuma zalla, za su ce mu muka saye ta."

Firintar ta ɗauki kuka tana jan takarda a hankali. Koren bangon bai fito ba, tiyar ma ta zama baƙa-baƙa, amma rubutun ya fito raɗau, shafi huɗu. Malam Jafaru ya karɓa da hannu biyu, ya naɗe ya sa a aljihun gaba. Baba Nuhu ya sa takalmansa ya fita bai yi mata sallama ba.

Bayan azahar aka fara gabatarwa. Hannatu ce ta tara a jerin. Ta tsaya gaban aji ta nuna yadda ta tsara kanun, da jerin, da mahaɗan da ke kai mutum kowane sashe, tunaninta rabi na wajen kwamiti. Da aka gama duka, Malam Muhtari ya ce na tashar jirgi ya fi ado, amma na Hannatu ne kaɗai wanda baƙo zai karanta ya san abin da bai sani ba. Ya miƙo hannu.

"Kawo faifan. Yanzu zan kama motar Gusau. Gobe war haka yana intanet."

Ɗaliban mata suka rungume ta, har da masu guɗa ƙasa-ƙasa. A motar mata da ta hau zuwa gida ta kasa yin shiru, sai da ta ba wata tsohuwa mai tallan daddawa labarin intanet tun daga ƙofar kwaleji har kwanar tasha. Tsohuwar ta ce Allah ya sa alheri, ta tambaya ko ana sayar da daddawa a can.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ta iso ƙofar gida. Tun daga waje ta jiyo hayaniya a zaure, muryoyi biyu da ta sani suna hawa kan juna. Ta yi sallama ta leƙa.

Mahaifinta, Alhaji Sabo, na zaune a kan tabarma, Baba Nuhu na fuskantarsa.

"Kwana arba'in!" Alhaji Sabo ke faɗi. "In kowa ya sayar cikin kwana arba'in, wa zai ba mutane hatsi a watan bakwai? Kai?"

"Yaya, ajiya daban, ɓoyo daban!"

A tsakaninsu akwai kwanon dambu, an ci fiye da rabi, hannun kowannensu da maiƙo.

Baba Nuhu ne ya fara ganinta. Ya ɗan sunkuyar da kai, sannan ya ce, "Shigo mana. An karanta takardarki gaban kowa, tun daga farko har ƙarshe. Zancen salla ta shida sun yar da shi nan take. Sun ce mu komo bayan sati biyu da jerin abin da muke karantawa a wuridi. Da aka zo kan maganar abinci, kafin su buɗe baki Malam ya miƙe ya ce shi ya hwaɗe ta, kuma ya janye." Ya ɗebi dambu. "Wani daga cikinsu har yana tambaya ko za ki yi ma makarantarsu irin shi."

"An ce kin kai mu intanet," in ji mahaifinta.

Sai a lokacin abin ya faɗo mata. Ta kama bakin ƙofa. "Wayyo, Baba! Malam Muhtari ya riga ya tafi da faifan. Gobe duk wanda ya buɗe zai karanta cewa ba ku cin abinci tare."

"Ba a gyarawa?"

"Ana gyarawa. Layi uku ne. Sai dai sai na je Gusau da kaina."

Baba Nuhu ya ce, "To ki shirya da sassafe, ni zan kai ki tasha."

Alhaji Sabo ya jawo kwanon gabansa, ya kankare gefen da ya fi mai, ya tura wa ƙanensa sauran.

"Bar shi tukuna," ya ce. "Mu ga ko gobe ma zai zo."