Wanda Aka Bari a Jiddari Polo

Su uku ne suka taso tare a filin yashin da ke bayan makarantar firamare a unguwar Jiddari Polo ta Maiduguri: Mahmud da Pindar da Ba'ana. Koci Yoila, tsohon malamin motsa jiki, shi ya koya musu ƙwallo tun suna buga ta ba takalmi. Yanzu Mahmud yana wasa a wata ƙungiya a Masar, Pindar kuma gola ne a Jos. Duk wanda ka tambaya a unguwar zai ce maka Ba'ana ya fi su biyun iya ƙwallo. Amma Ba'ana dillali ne a Kasuwar Shanu.

Shekara takwas da suka wuce, ana saura kwana biyu su tafi gwaji Kaduna, mahaifinsa ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, ɓarin jikinsa ya shanye. Ba'ana ne babba a gidan. Ya raka abokansa tasha, ya dawo ya ɗauki sandar tsohon ya shiga cikin shanu. Ya yi jinyarsa shekara biyar har Allah ya karɓi abinsa. A tsakani ya yi aure, aka haifa masa 'ya, Lubna. Ƙwallo kuwa sai ranar Lahadi da yamma, idan ba lodin shanu.

Da aka tashi kakar wasa, labari ya zagaya unguwa cewa Mahmud da Pindar suna hanya. Tun daga ranar Ba'ana ya kasa zama wuri ɗaya. Yana cin abinci ƙafarsa na rawa. Ya fita ƙofar gida ya dawo, ya sake fita. A kasuwa sau biyu yana kai mai saye wurin bajimin da aka riga aka sallama.

Da suka iso, aka cika ƙofar gidan su Mahmud, masu keke suna ta danna oda. Ba'ana ya je ya gaisa, suka rungumi juna, aka ɗauki hoto. Ko minti goma bai yi ba ya ce ana jiransa, ya sulale.

Kwana uku bayan haka Pindar ya bi shi har kasuwa. Ya same shi a gindin tirela, ana tura shanu sama, kashin shanu har idon sawu.

"Wushe, alhajin shanu," Pindar ya gaishe shi, yana ɗaga farin takalminsa. "Gudunmu kake yi?"

"Aiki ne ya yi yawa."

"Ƙarya kake. Saurara. Ɗan wasan tsakiyarmu ya koma Legas. Za a yi gwaji nan da sati uku, na kuma ba kocinmu sunanka."

Ba'ana ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. "Shekarata ashirin da bakwai fa, Pindar."

"Na san shekarunka, tare aka sa mu aji ɗaya. Ni dai na faɗa maka."

Ya tafi ya bar shi riƙe da igiya. Har aka ɗaure tirelar ta tashi Ba'ana bai san an gama ba.

Washegari da aka idar da sallar asuba bai koma ɗaki ba. Ya ɗaura tsohon kambas ɗinsa ya kama gudu, ya zagaya filin polo, ya miƙe titi. Kafin ya yi nisa ƙirjinsa ya ɗauki zafi kamar an zuba masa barkono. Ya tsaya ya dafa gwiwa, ya yi amai a bakin kwata. Gobe ma ya sake fita, jibi ma haka.

A rana ta biyar matarsa Siddiƙa ta tare shi a tsakar gida, yana matse rigarsa da ta jiƙe sharkaf.

"Baban Lubna, wa ke bin ka ne kullum da asuba?"

Ya zauna a kan turmi ya faɗa mata komai. Ta saurara tana ɗauraye kofuna, ba ta ɗago ba.

"In sun ɗauke ka fa?"

"Ban sani ba."

"In ba su ɗauke ka ba?"

"Shi ma ban sani ba."

"To ka je wurin Koci. Shi ba ya jin kunyarka."

Koci Yoila yana zaune a ƙofar gidansa yana ɗinke ragar da ta yage. Gashinsa ya yi fari fat. Ya tashi ya kai Ba'ana fili, ya jera duwatsu shida, ya jefa masa ƙwallo. Ba'ana ya bi ta tsakaninsu, ƙwallon kamar an ɗaure ta a ƙafarsa. Sannan Koci ya sa shi gudu daga raga zuwa raga sau goma. A na bakwai ya zube.

"Ƙafarka tana nan, ɗana," in ji Koci. "Ƙirjin ne babu. Sati biyu ba ya gyara abin da shekara takwas ta ɓata."

"Kada in je ke nan?"

"Ban ce ba. Ka tambaye ni abin da na gani, na faɗa maka."

Ba'ana ya koma gida ya ce ya fasa. Da yamma ya ce zai je. Da safe ya sake cewa ya fasa, amma aka gan shi a Kasuwar Monday yana gwada takalmin ƙwallo na gwanjo. Mahaifiyarsa, Ya Falmata, wadda suke kira Ya, ita ta yanke maganar. Ta kira shi ɗakinta ta ce, "Ka zauna saboda mahaifinka, Allah ya saka maka. Yanzu saboda wa kake zaune? Ni dai ba ni ba ce." Ya bar wa abokin dillancinsa Ya'akubu turakun shanunsa, ya shiga motar farko ta Jos tare da Pindar.

Sanyin Jos ya fara ba shi mamaki, sannan yawan mutanen. Su arba'in da wani abu suka zo neman gurbi ɗaya, yawancinsu ba su kai ashirin ba. A ɗakin Pindar ya sauka, ɗaki ɗaya su huɗu, katifu a ƙasa. A nan ya gane cewa abokin nasa, wanda ake liƙa hotonsa a shagunan aski na Jiddari, gola na biyu ne, wasa huɗu kawai ya kama a kakar da ta wuce.

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa ba?"

Pindar ya ɗaga kafaɗa. "In faɗa wa wa? Ka ga yadda suke tarbar mu. Mahmud ma allura ake yi masa a gwiwa kafin ya shiga fili. Kada ka ce na gaya maka."

Ranar farko Ba'ana ya yi abin da ya sa kocin ya cire hula ya sosa kai. Ya karɓi ƙwallo da baya, ya juya tsakanin mutum biyu, ya zura ta inda babu wanda ya hango sai mai cin. Rana ta biyu aka buga cikakken wasa. Minti talatin na farko filin nasa ne. Daga nan yaran suka fara wuce shi kamar yana tsaye. Yana ganin inda ya kamata ya je, ƙafar ta ƙi kai shi. Rana ta uku aka karanta sunaye biyar da za su ci gaba. Babu nasa.

Kocin ya kira shi gefe. "Ina kake duk shekarun nan?"

"Ina kasuwa, yallaɓai."

Mutumin ya girgiza kai, ya dafa kafaɗarsa, ya wuce.

Ba'ana yana zaune a kan ciyawa yana kwance igiyar takalmi, wani gajeren mutum mai jar hula ya tsuguna kusa da shi. Ya ce sunansa Habib, shi ne mataimakin koci a wata ƙaramar ƙungiya ta rukuni na biyu a Gombe, ya zo ne ya tsinci waɗanda aka zubar.

"Ba mu da komai," in ji shi. "Motarmu ma sai an tura. Amma yarana gudu kawai suka iya, ba mai kai. Ina son wanda zai riƙe mini ƙwallo minti ashirin na ƙarshe. Wata shida. Ka yi tunani, gobe ƙarfe bakwai zan tashi."

Da safe Ba'ana ya isa tasha da jakarsa. Ga motar Maiduguri ana lodi, ga ta Gombe a can gefe. Ya je wajen wannan ya dawo wajen waccan, har kwandasta ya daka masa tsawa ya ce in ba tafiya zai yi ba ya ba mutane hanya. Ya koma gindin wata bishiya ya kira Siddiƙa.

"Ba su ɗauke ni ba."

"Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ka taho."

"Amma akwai wasu a Gombe. Wata shida. Ƙaramar ƙungiya ce, ba wanda ya san ta."

Yana jin muryar Lubna a bayanta tana neman shayi.

"Kana so?"

"Wallahi ina so. Kuma ina jin tsoro."

"Gombe ba Masar ba ce, yini ɗaya ne. Ka je. Amma ranar da aka gama, ka dawo mini da ƙafafunka biyu lafiya. Ni zan faɗa wa Ya."

Sati biyar ya yi yana atisaye safe da yamma kafin a sa sunansa a takarda. Wasan farko a wani fili ne mai ƙura, 'yan kallo ba su fi ɗari biyu ba, wasu a kan katanga. Yana benci tun farko, ya tashi ya zauna ya fi sau ashirin. Saura minti goma sha takwas a tashi, ana ɗaya da ɗaya, Habib ya waiwayo ya ce, "Dattijo, cire rigar sama."

Taɓawarsa ta farko wani ƙaton ɗan baya ya kwashe masa ƙafa, ya faɗi rub da ciki, bakinsa ya cika da ƙasa. 'Yan kallo suka kwashe da dariya. Ya tashi ya tofar, ya ajiye ƙwallon da kansa inda alƙali ya nuna. Ya ɗaga kai ya hango wani siririn yaronsu yana laɓaɓawa ta bayan masu tsaro, ya ɗaga masa ita. Yaron ya sa kai, ƙwallon ta bugi ƙarfen raga ta fita.

Haka aka tashi, ɗaya da ɗaya. A hanyar komawa motar ta mutu a kan tudu, duk suka sauko turi. Ba'ana yana daga baya, kafaɗarsa a jikin ƙofa, leɓensa a kumbure, yana tambayar Habib wace ƙungiya za su haɗu da ita ranar Asabar.