Hannun da Ya Ƙi Sakin Guduma

"Saki mana, Farfesa," in ji Marrit, tana murmushin dole saboda idon jama'a.

Farfesa Douwe Haitsma bai saki ba. Yana tsaye gaban babban taron ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam, riƙe da gudumar katakon da shugaba ke buɗe taro da ita. Al'adarsu ce mai sauka ya miƙa ta hannu da hannu ga magajinsa, kuma sai ta shiga hannunka ake kiranka shugaba. Marrit Oosting ta kama kan gudumar, shi kuwa yatsunsa na dama sun naɗe a ƙotar kamar an ɗaure su.

"Ina saki," ya ce a hankali. "Hannun ne bai ji ba."

Zauren ya kwashe da dariya. Bram, sakataren ƙungiya, wanda bakinsa ba ya gajiya, ya jawo makirufo. "To 'yan'uwa, ga darasi kyauta. Baki ya yi murabus, zuciya ta ce ba da ita aka yi shawara ba."

Aka yi tafi. Douwe ma ya yi dariya, amma da rabin baki. Marrit ta janye hannunta, fuskarta na zafi, tana kallo ya sauka da gudumar tana reto a gefensa.

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Shi ya koyar da ita, shi ya duba aikin digirinta na uku, shi ya tsaya mata har ta zama farfesa a sashensa. Ta daɗe tana mataimakiyarsa a ƙungiyar, tana rubuta jawaban taro yana karantawa. Ga shi gidajensu na kallon juna a wani siririn layi na birnin Groningen, mabuɗinsa na ko-ta-kwana ma yana rataye a bayan ƙofarta, don shi kaɗai yake zaune tun rasuwar matarsa.

"Kar ki je masa," in ji Bram a cikin jirgin ƙasa, suna hanyar komawa gida. "In kika tambaya, kin ƙara masa abin riƙewa. Dattijon makokin kujera yake yi. Zai kawo da ƙafarsa."

Marrit ta yarda, don abin da ita ma za ta gaya wa wani ke nan. Su fa mutane ne da ko tuntuɓe ka yi, sai sun tambaye ka inda ba ka son zuwa. Zaure cike da daktoci, ba a samu ɗaya da ya dubi yatsun nan a matsayin yatsu ba.

A layinsu ba a sakin labule, don haka daga kicin ɗinta tana ganin falonsa. Ta ga yana zuba kofi da hagu, yana zubarwa a tebur. Kekensa, wanda ko ƙanƙara ba ta hana shi hawa, yana jingine ganye na taruwa a kwandonsa. Motar shara ta zo ta wuce, kwandon shararsa ya kwana a bakin titi, abin da Douwe kan buga wa wasu ƙofa a kai. Duk ta gani, kuma duk ta ba su suna: fushi, kewa, taurin kan tsufa.

Ranar Laraba da safe ya ƙwanƙwasa mata ƙofa, cikin yayyafi, ba kwat, ba kuma guduma. Mutumin da bai taɓa zuwa ba sai ya buga waya tukuna.

"Shugaba," ya ce.

"Ban zama ba tukuna. Ka fi ni sanin dalili."

Ta zuba masa kofi, ta miƙa gwangwanin biskit, ya ɗauki ɗaya da hagu. Hannun dama na kwance a cinyarsa.

"Marrit, hannun nan kamar na wani ne aka ara mini. Ga kaina kuma, nan ta ƙeya."

Ta jingina da kujera, ta ɗan karkata kai, ta sassauta murya. "Me kake ganin hannun yake son gaya maka?"

Ya dube ta ya daɗe. "Ni na koya miki tambayar nan."

"Kai ne."

"Kin kuwa iya ta."

Biskit ɗin ya suɓuce cikin kofin, bai ko lura ba. Da zai tashi ya dafa tebur. "Gobe zan kawo miki... abin nan. Na bugawa."

"Guduma."

"Ita."

Mutumin da ke yin lacca ba takarda a hannu. Marrit ta ce a ranta, ko sunan gudumar ya kasa faɗa. Ta ji tausayinsa, ta kuma ji wani ɗan daɗi na wanda hasashensa ya fito daidai. Ta tsaya a ƙofa tana kallo ya tsallaka titi, ƙafar dama na jan ƙasa a kan duwatsun da ruwa ya jiƙa.

Washegari gari ya waye fitilar falonsa na kunne. Yana zaune a kujerarsa ta bakin taga, ya juya wa titi baya. Ta tafi jami'a, ta koyar, ta dawo da rana, fitilar na nan, shi ma yana nan. Ta kira Bram.

"Tun safe bai motsa ba."

"Shawara yake da kansa. Ƙyale shi, yau za ki ga gudumarki."

Ta ajiye wayar. Gabanta na faɗuwa, ba ta kuma sami sunan da za ta ba wannan ba. Ta ciro mabuɗin daga bayan ƙofa.

Gidan na warin kofin da ya ƙone. Douwe ya sa kwat, hannun hagu a ciki, ɗayan hannun rigar na lilo a bayan kujera. Takalmi ɗaya a ƙafarsa, ɗaya a ƙasa. A kan dakalin taga ga gudumar, an naɗe ta a tsumman goge kwanuka, naɗin hannu ɗaya. Ta taɓa kumatunsa, ya yi sanyi.

Likitar unguwa ta zo, ta duba, ta tabbatar ya rasu, ta ce ga alama matsalar jijiyar jini ce a ƙwaƙwalwa, irin wadda kan yi gargaɗi kafin ta yi aikinta. Tana rufe jaka ta tambaya, "Babu wanda ya lura da wani abu a 'yan kwanakin nan?"

"Mun lura," in ji Marrit. "Dukkanmu."

Da aka zo ɗaukarsa ta ga hannun dama a buɗe, tafin na kallon sama. Ba ta taɓa gudumar ba. Ta kulle ƙofa ta koma gidanta, sai a kicin ta tuna ba ta kashe masa fitila ba. Fitilar na ci a tsallaken titi, a kan ɗan ƙunshin tsumman da ke bakin taga, yayyafi na gangarowa a gilashin.