Ƙeyar Baba

Bari in tona wa autanmu asiri: bai iya zana fuska ba. Wallahi bai iya ba. Ni yayarsa ce, ya taɓa zana ni, ido ɗaya na kallon ƙofa, ɗaya na kallon rufi.

Babu wanda ya koya masa zane. Bayan rasuwar Baba ya bar makaranta ya kama tura baro a kasuwa. Wuni guda yana bin bayan masu kaya, ba abin da yake gani sai ƙeya da kafaɗa. In ya dawo sai ya farke buhunan siminti, ya roƙo ragowar fenti wajen masu fentin gidaje, ya yi ta zana bayan mutane da tsohon buroshin haƙori. Ɗakinmu ya cika da ƙeyoyi, ga warin fenti ya hana mu sakat.

Wata mata mai baje kolin zane-zane ta ga guda ɗaya rataye a shagon aski, ta nemo shi har gida. Shi ke nan fa! Cikin shekara huɗu sai ga auta a jirgi, yau wannan ƙasa, gobe waccan. 'Yan jarida suka rubuta wai yana ɓoye fuskoki ne don ya nuna talakan da duniya ba ta kallo. Na yi dariya har da riƙe ciki. Shi kuwa ja'irin sai gyaɗa kai yake a talabijin, kamar shi ya gaya musu.

Ana nan sai ganin Umma ya fara raguwa, likita ya ce ba zai dawo ba. Baba kuma bai bar hoto ko ɗaya ba, na jikin katin aikinsa ma ruwa ya cinye. Umma ta kira auta ta ce, "Kai da duniya ta san hannunka, zana mini babanku in gan shi kafin idon ya ƙarasa."

Auta ya dube ni, na ɗauke kai.

Sati uku yana fama. Fuskar farko ta fito sak tsohon mai gidan hayarmu, ta biyu kamar mai ciwon haƙori. Na ce, "To, gwanin duniya, ina gwanintar?"

Ya ce, "Yaya, don Allah ki ƙyale ni, hancin ne ya ƙi zama."

Daga nan sai tsokanar ta fita raina. Tausayinsa ya kama ni, don kullum sai Umma ta tambaya ko an gama.

Ran nan ya shigo da zane ya jingina da bango. Ba fuska. Mutum ne a bakin ƙofa zai fita aiki, yana tura keke, kafaɗar hagu ta ɗan sauka, wuyan rigarsa ya naɗe ta ciki. Auta ya durƙusa ya ce, "Umma, ki yafe mini. Ban iya fuska ba. Ban taɓa iyawa ba."

Umma ta taso. Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa fentin, ta daɗe a haka. Can sai ta ɗaga hannu ta kai kan wuyan rigar, tana shafawa da yatsa kamar za ta warware shi.

Ta ce, "Shekara ashirin ina ce masa ya tsaya in gyara masa. Yau dai ya tsaya."